Gindin Roka

Har yau ban yafe wa waɗanda suka ce Baba ya ruɗe ba. Surukina ne, kuma ya fi su hankali su duka.

Jiya ya cika shekara da rasuwa. Ina shara na tsinci pil ɗin rediyonsa, wato batura, a gindin danga, inda yake shanya su a rana don su ƙara ƙarfi. Sai na tuna wata la'asar, yana ɓarar gyaɗa, bakinsa ja da goro, rediyo na ba da labarin rokar da Turawa suka harba zuwa tauraruwar Zara. Aka ce gindinta ƙonewa yake, ya faɗo gunduwa-gunduwa, ɗan kan kawai ke isa.

Ƙanen mijina ya ce, "Asara! Jaki ma yana komowa gida."

Baba ya ce, "Kai da jakinka kun taɓa wuce garin Ɗan Issa?" Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, ni ne gindin nan. Tafi makarantar manya, ni zan yi wa lambunki ban-ruwa."

Haka ya yi ta jan ruwa a bakin tabki, ƙafafunsa duk faso, ni ina koyon rubuta sunana.

Jiya bayan addu'a ƙanen nan ya ce karatuna ne ya cinye tsoho, in bari haka nan. Na ce masa, "In na bari, a banza ya ƙone ke nan."

Allah ya shayar da Baba ruwan Alkausara, ya hutar da ƙafafun nan. Yau da safe na ɗauki allona, na bi ta ƙofar ƙanen, na gaishe shi da ƙarfi, na wuce.