Sabon birki ya ƙi safaya a hanyar Kende

Jama'a, yau motata ta ƙi tayarta!

Kun san makon jiya na sa manyan birki a gaba, faifai da kalifa mai matse faifan, waɗanda na sayo a Benin, saboda lodin kifi. Bakanikena Malam Garba ya ɗaura, har ya canza mini rim huɗu.

Da safe na ɗauko ɗanyen kifi daga bakin gulbi zan kai Bagudo. Kafin Kende, fus! Tayar gaba ta yi faci. Na ɗaga jak, na fito da safaya. Ta ƙi shiga! Na juya ta, na tura, na sa ƙafa. Ƙarfe na dukan ƙarfe.

Wani mai babur ya tsaya ya duba, ya ce, "Alhaji, tayag ga ba ta motag ga ba ce."

Na ce, "Tare na saye su!"

Ya ce, "To an musanya maka mota."

Rana ta take, ƙuda sun fara taruwa a kan kifi. Na kira Malam Garba, na ce wa ya taɓa mini safaya?

Ya ce, "Ba kowa. Sabon kalifa ya fi ƙarfin tsohon rim ɗin safaya. Cire ta baya ka kai gaba, safaya ta koma baya."

Na ce, "Don mi ba ka gaya mini ba?!"

Ya ce, "Alhaji, birki ka ce kana so. Ba ka ce za ka yi faci ba."