Ƙodago Bayan Turmi

Ranar wata Laraba ce, kasuwar garinmu na ci, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ina goye da ƙanena Iro, hannuna duk dusa, sai ga yayana Sule ya shigo yana share hawaye, wai Ɗanlami na maƙwabta ya cinye masa ƙodagonsa kaf. Ƙodago dai ita ce ƙwayar nan mai tauri ta cikin ƙwallon goruba. Yara maza kan ajiye guda a ƙasa, a ja da baya a mirgino wata, wanda ya daka ya ɗauke. Shekaruna tara a lokacin, kuma sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba.

Ni kaɗai ce mace a cikin mu bakwai. Surfe nawa, tankaɗe nawa, wanke-wanke da raino nawa. Rijiyarmu ma a tsakar gida take, balle in fake da ɗiban ruwa in ga gari. Da masu rubuta yara makaranta suka zo, cikin rumbu aka saka ni har suka wuce, don Inna ta ce in an ɗauke ni wa zai kama mata aiki. Filin wasana wani lungu ne tsakanin rumbun nan da katanga, inda ake kifa turmi. Nan nake tara ƙodagon da su Sule suka yar. Wurin ya matse, turmi ya tare hanya, sai na koyi buga katanga, ƙodago ta dawo ta sami 'yar'uwarta ta baya. Ba wanda ya koya mini. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ranar nan zuciya ta ɗebe ni, na fita har ƙofar zaure da goyona. Ɗanlami ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauki ƙodagonsa ya ɓoye bayan dutsen da Baba ke zama, ya ce in na isa in taɓa. Na dubi bangon zaure, na durƙusa, na saki tawa. Ta bugi bango, ta karkato, ƙwas. Sau biyar yana sake wuri, sau biyar ina cinyewa. Na juyo da ƙodago cike da haɓar zanena, na ga Inna tsaye. Ba ta dake ni ba. Karɓa ta yi ta zuba a murhu, ta ce, "Hannun da ya iya wannan, tankaɗe bai ishe shi ba ne." Ta ƙara mini dakan fura. Ban sake wasa ba. Da na girma kuwa na zama ita sak, ba abin da ke motsi a gidana ban gani ba, ban hana ba.

Yanzu shekara huɗu ke nan ina Manchester ta ƙasar Ingila, a flat ɗin ɗan farina da ke aikin likita, hawa na uku a unguwar Withington. Ban iya karanta lambar bas ba, ban iya Turanci ba, ko wajen GP, wato likitan unguwa, sai an kai ni. Taga ce ƙofar zaurena. Babbar 'yar ɗan nawa, takwarata da yake kira Ummi, tana jami'a a Birmingham. Ita ta fara nuna mini wani dattijo ɗan ƙasar Filifin a talabijin, mai wasan teburin nan da suke ce wa pool, wanda ake buga ƙwallaye da doguwar sanda. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga abokin karawarsa ya ɓoye masa ƙwallo bayan wata, ba hanya ko kaɗan. Dattijon ya sosa ƙeya, ya yi murmushi kamar mai jin kunya, ya bugi gefen tebur. Ƙwallon ta zaga gefe uku ta je ta sami wadda ake nema. Ummi ta ce, tsohuwa lafiya kika miƙe tsaye? Na ce ta maido mini wurin.

Ta ba ni labarinsa. Ɗan talakawa ne, ya fara tun tsayinsa bai kai teburin ba, hannun nan ya zaga da shi duniya, ga shi har furfura bai ajiye sanda ba, kuma ban taɓa ganin ya daki ƙirji ba. Ni ba kofunan da ya ci ne suka kama ni ba. Duk inda aka toshe shi, sai ya mai da bangon hanya. Kuma da yana yaro, ba wanda ya zuba nasa a wuta.

Watan jiya ina shara na tsinci sandar pool, irin mai gida biyu da ake haɗawa, a ƙarƙashin gadona. Ta Ummi ce. Ubanta ya hana ta tun bara, ya ce wasan mashaya ne, in ya sake gani zai karya. Ranar Lahadi da ta zo gida, muna cin abinci ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ba abin da ke wuce idonki. Yarinyar nan ta daina?" Ummi ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba ta daina ba. Sandar tana ƙarƙashin gadona. Mai son ta sai ya fara ɗaga ni."

Ya dube ni, ya ce to, Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Da la'asar Ummi ta rataya jakar sandar a fili, ta ce in ta ci gasar makarantarsu ni za ta kawo wa kofin in riƙa shan koko. Na ce ta tafi kar jirgin ƙasa ya bar ta, uwar surutu. Na tsaya a taga har ta sha kwana. A da katanga ce ta laka, ina leƙen yara ta tsagar ƙyaure, yau gilashi ne mai sanyi, ni dai ina ciki. Wani lokaci in gida ya yi shiru nakan mirgina lemo a ƙasa, ya bugi bango ya dawo ta bayan ƙafar kujera. Hannun bai manta ba.