Taki a Madadin Yatsu

Yatsu biyu kaɗai ke motsi a hannuna na dama. Sauran sun sandare tun ranar da shanun wani makiyayi suka faɗa mini gonar gero a bayan Bafarawa, na ɗaga murya, shi kuma ya ɗaga sanda. Ba baƙo ba ne. A gonar mahaifina mahaifinsa ke sauke garke kowane rani, mu samu taki, su samu kara.

A kotun shari'a ta garin Isa makiyayin bai yi musu ba. Alƙali ya bayyana mini cewa haƙƙin nawa ne, ko in karɓi diyya, ko in yafe, ko mu yi sulhu a gabansa. Ƙannena kuwa so suke su ga an ɗaure shi. Ban ga laifinsu ba, ni ma har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Amma ni ke da gona da bakunan ciyarwa, kuma ɗaurinsa ba zai riƙe mini fartanya ba. Diyya ma sai ya sayar da shanun, a cinye, hannun yana nan yadda yake.

Na ce, "Allah gafarta malam, shi maido garkenai gonata duk rani, kamar yadda ubanai yay yi. In ruwa ya sauka shi yi min huɗa. Ran ɗaurin damma shi zo da hannunai, tunda shi yaɗ ɗauke nawa."

Alƙali ya tambaya ko an matsa mini. Na ce wa zai iya? Makiyayin ya amsa ya yarda, kansa a ƙasa, shaidu suka shaida.

Babban ƙanena ya ce na sayar da hannuna da kashin shanu, ya daina gaishe ni. A kasuwa aka yi ta cewa mutumin zai tsallaka Nijar, shi ke nan. Matata ta roƙe ni in nemi takin zamani tun da wuri, kada mu yi biyu babu. Na ƙi. In na tanadi wani abu, na ƙaryata sulhun da bakina ya nema. Tsoro kam na ji shi, don rani ya yi nisa gonar tana fayau.

Wata safiya na tarar da shanunsa kwance a cikinta. Da ruwa ya sauka ya zo ya yi huɗa, muna gaisawa sama-sama.

Da kaka ya zo ɗaurin damma. Ya tara zangarniya, ya zagaya igiya, ya ja, sai ƙullin ya nemi kwancewa. Dole wani ya danne masa. Na miƙa hannun nan na danne da yatsuna biyu. Ranar ya fara ganinsa kusa. Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Ja mana, yara na jiran tuwo."

Ya ja.