Yarinyar da Ke Jin Shanu da Tafin Hannu

Ko zan manta sunana, ba zan manta Larabar da muka je wata ruga a bayan Kutawa ba. Ina hutun makaranta lokacin, na shiga aikin sa-kai da ƙungiyar da ke bin gidaje tana duba yara masu lalura. Shugabarmu Malama Hadiza ce, ma'aikaciyar jinya. Ni kuwa muƙamina babba ne: mai buga murfin tukunya. Ƙa'idar ita ce uwa ta zaunar da yaro a cinya, Malama ta ɗauke masa hankali ta gaba, ni in lallaɓa ta baya in buga. In ya waiwayo, kunne lafiya.

Mun isa bayan la'asar, rugar tsit kamar an share mutanenta. Yarinyar da muka zo dubawa, Indo, 'yar shekara biyu, tana zaune ita kaɗai a gindin bukka, ba yaron da ke raɓarta. Kakarta Inna Dije ta gaya mana ƙasa-ƙasa cewa 'yar ruwa ce aka musanya musu. Ba ta magana, ba ta amsa kira, amma kafin shanu su dawo daga kiwo ita ke fara sani. An gama shawara, ranar Juma'a za a kai ta bakin rafi a mayar wa masu ita. Uwarta Hansai tana gefe, ta kasa ɗaga kai.

Na buga murfin nan bugun da na tabbata an ji shi a kasuwar Kurfi. Kaji suka watse, Inna ta saki salati. Indo ko ƙiftawa ba ta yi ba. Can sai ta zame daga cinyar uwar, ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta ƙura wa hanya ido tana murmushi. Ba kowa a hanyar, ko iska ba ta motsi. Na fara neman inda na cire takalmina don in arce. Sai da aka jima muka hango ƙahonni.

Malama ta durƙusa, ita ma ta dafa ƙasa.

"Inna, kawo hannunki nan."

Tsohuwar ta noƙe, sannan ta ɗora. Ta daɗe a haka, har ta ce tana jin abin yana hawowa tsintsiyar hannunta. Malama ta yi mata bayani cewa kunnen Indo ne ba ya ji, shi ya sa take sauraron takun shanu da jikinta. In aka kai ta asibiti da wuri, aka fara koya wa duk gidan maganar hannu, za ta tashi kamar kowa.

Inna ta dubi jikarta, ta dubi hannunta.

"To, zancen Juma'a a bar shi tukuna."

Hansai ta rarumi 'yarta ta rungume, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata. Ranar Litinin su uku, har da Inna, suka iso asibiti a Dutsin-Ma a kan babur ɗaya, Indo a tsakiya.

Ku sababbin shiga aikin nan, ku riƙe wannan. Duba yaro shi ne mai sauƙi. Kada ku bar gida sai kun ji abin da mutanen gidan ke tsoro, da ranar da suka tsayar.