Waken da ya sauko daga sama

Shekarar da masu harba balan-balan ta bincike suka zo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Malbaza, ni ne malamin kimiyya. Za a cika ƙatuwar balan-balan da iska marar nauyi, a rataya mata akwati mai laima, ta hau can inda sanyi ke daskarar da ruwa, ta fashe, akwatin ya sauko. Yara ne suka zaɓi abin da za a gwada, suka shirya kayansu da hannunsu. Na hana kaina leƙawa, don na san halina, in na sa hannu sai na ƙwace aikin.

Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya ƴar Bazaga, mai shiru har ka manta tana aji. Tambayarta ita ce ko irin wake zai tsira bayan ya sha wannan sanyi. Saboda tambayar nan na fara ganin hannunta a sama. Damina ta ƙarato, baƙin kuma ba za su sake zuwa ba. In akwatin bai dawo kafin shuka ba, ita da amsa sai dai labari.

Da hantsi muka saki balan-balan ɗin a filin ƙwallo. Har direbobin manyan motocin siminti suka tsaya bakin hanya suna ɗaga kai. Na'urar bin sawun akwatin ta nuna iska ta yi yamma da ita, muka bi har da yarinyar, muka wuce Konni, muka ƙarasa kan babura zuwa gonar da akwatin ya sauka a yankin Alela. Sawun amalanke kawai muka tarar. Wata mai itace ta ce mai gonar ya kai abin gidan mai gari.

Akwatin na gaban mai gari a zaure, ba wanda ya buɗe shi. Ya riga ya aika a kira jandarma. Ban ga laifinsa ba, abin da ya faɗo daga sama kusa da iyaka ba na wasa ba ne. Amma in aka tafi da shi buro, wato ofishinsu, don bincike, shuka za ta wuce mu.

"Ranka shi daɗe, kayanmu na," na ce.

"Malam, kowa na iya cewa haka. Tsintuwa, mai ita shi ka hwaɗin abin da ke ciki kahin a buɗe."

Na gyara murya na fara bayanin kyamarar da ke jikin akwatin. Ya katse ni, ya ce wannan idon ko shi ya gan shi daga waje. Kaina ya ɗau zafi, amma dattijon ya fi ni gaskiya.

Sai yarinyar ta durƙusa. "Baba, akwai jan wake ƙulle cikin tsumman zane shuɗi. Kakata ta zuba mai toka saboda ƙwari."

Mai gari ya buɗe, ya kwance ƙullin, toka ta ɓata masa yatsu. Ya tura akwatin gabanmu, ya sa a sanar da jandarma cewa masu kaya sun zo.

Mai gonar, wanda ya girmi mahaifinta nesa ba kusa ba, ya ce tukuicinsa a waken yake so. Na buɗe baki in hana, don waken bai cika tafin hannu ba. Ta riga ni, ta zuba masa rabi.

"Baba, ka shibka shi layi guda, naka na gida layi guda kusa da shi, rana guda. In ba haka ba, ba mu sanin bambanci. Ina zuwa in duba."

Ya ƙulle waken a bakin rawaninsa. "To, malama. Ranar da anka yi ruwa sai ki taho."

Ina tsaye gefe riƙe da laimar akwatin, ba wanda ya kalle ni. Ban taɓa jin daɗin a manta da ni irin na ranar nan ba.