Farin leshina a bikin Kabita

Har gobe ban manta da ranar da na je bikin 'yar uwargijiyata da kayan makoki ba. Ku 'yan koyo, ku tsayar da kekunan ku ji.

A ƙarshen 1984 ni ce babbar tela a shagon yadin wasu Indiyawa a cikin Accra. Aikina in auna, in yanka, in raba wa teloli, abin da ya karkace kuma in farke shi a gaban mai shi. Matar mai shagon, Madam muke ce mata. Da za a aurar da 'yarta Kabita, ni na ɗinka 'yar rigar da ake ɗaura sari a kanta. Sari shi ne dogon zanen nan nasu da ake naɗewa ba ɗinki. Kabita ta ce ba mai sa mata rigar ran biki sai ni, ta ba ni kati mai ruwan zinare.

Lokacin ban iya karatu ba. Maƙwabciyata Adiza ta ce, "Kawo in karanta miki." Na ce katin biki me zai ce ban da a zo? Na jefa shi a akwati. Ashe a ƙasansa an rubuta kada baƙi su sa fari ko baƙi.

Mu a unguwarmu Nima, in abin murna ya kai murna, fari muke sawa. Na ɗinka farin leshi, na kafa ɗauri. Adiza ta leƙo ta ce, "Ramatu, ke ce amarya?" Na ce ta jira labari.

Da na sauka daga tasi sai na ga kamar barci nake yi a tsaye. Furanni ruwan ɗorawa sun zubo tun daga rufin rumfa, mata na wucewa cikin ja da kore da shuɗi, awarwaro na ƙara, takalma jere a bakin ƙofa kamar na masallaci. Na tuɓe nawa na shiga. Hira ta ɗauke.

Madam ta taso da sauri. "Ramatu, wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta ce a wurinsu fari na gawa ne da matar da mijinta ya rasu, ba za ta bar ni in taɓa amarya da shi ba. Ga Kabita a sama tana jirana, ga lokacin da malaminsu ya tsayar ya matso, kuma ba sa ɗaga shi. Zuciyata ta hau. Na ce to a ba ni takalmina.

Sai wata tsohuwa ta kama min hannu. Kakar amarya ce, ita kaɗai ce da fari ban da ni, tana zaune can baya. Ta yi zama a Kumasi kusa da Zongo, tana da 'yar Hausarta. Ta ja ni ɗakinta, ta buɗe akwatin ƙarfe. Ƙanshin kafur ya tashi. Ta zaro sari kore mai bakin zinare.

Ban iya rufa-rufa ba. Na ce, "Kaka, ni ma mijina ya rasu."

Ta ce, "Naku sun hana ki launi?"

"Wata huɗu da kwana goma. Na gama tuntuni."

Ta shafa zanen. "Ni shekara ashirin da biyu ke nan cikin fari," in ji ta. "Tsaya."

Ta naɗa min shi a kan rigata, don na ce ba zan bar cikina a buɗe ba. Ta yi dariya, ta ja gefen ta rufe min kai. Na hau sama na sa wa Kabita rigarta, rigar ta zauna mata cif.

Sauran kamar a mafarki nake tuna shi. Wuta a tsakiyar rumfa, ana zuba mata man shanu, an ƙulla gefen mayafin amarya da na ango suna zagayawa a hankali. Wata ta zo za ta ɗiga min jan abu a goshi, na ce goshin nan na sallah ne, ta haɗa tafin hannayenta ta wuce, ba rigima. Abinci ba nama ko tsoka ɗaya, na ci na ƙoshi. Duk inda na juya, idon tsohuwar na kaina. Ba ni take kallo ba, zanenta take kallo yana yawo cikin mutane.

Da na je mayarwa ta ƙi karɓa. Ta ce ya gaji da akwati.

Watan da ya biyo na shiga ajin manya a unguwar Kanda, ina da shekara talatin da takwas. Abin da na fara karantawa da kaina katin nan ne.

Shi ya sa nake takura muku. In mutum ya kawo yadi, kafin ku ɗauki almakashi ku tambaye shi inda za shi da shi, da abin da launin ke nufi a gidan. Tela mai jin kunyar tambaya ba shi da wurin zama a shagona. Koren yana nan, duk Sallah nake sa shi. Ku koma kan aikinku.