Irin hatsin da ya kwana cikin taki

Shekarun baya, bayan na gaji da yawon ƙasashe na dawo Tasawa na zauna, na ba ɗan ƙanwata wata shawara da har yau nake jin nauyinta a ƙirji.

Magidanci ne mai ƴaƴa biyu, yana zaune a Mayahi. Ya yi karatun noma, aikin gwamnati bai samu ba, sai ya koma gonar mahaifinsa. Da salularsa yake ɗaukar gajerun bidiyo yana koya wa manoma: yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun hatsi na tsaye, yadda ake adana wake kada ƙwari su cinye, yadda ake sa takin zamani da yatsu uku a gefen rami. Iyakar abin da yake yi ke nan. Kullum gona ɗaya, malafa ɗaya a kansa, murya ɗaya mai sanyi.

Wata kaka ya zo gaishe ni, na ga ransa ba daɗi.

"Kawu, shekara uku ina wannan abu, mabiyana ba su motsa ba," in ji shi. "Abokina da ke kwaikwayon masu tallar magani a tasha bara ya fara, yanzu ko ƙurarsa ba na hange."

Ni kuwa abin nema ya samu. Na yi talla a Kumasi, na riƙe shago a Abijan, na yi dako a Tarabulus, na sayar da tasbaha a Jidda, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin. Na gyara zama na ce masa a duk kasuwannin nan ban taɓa ganin mai kaya iri ɗaya ya yi arziki ba. Mai yadi yakan ajiye turare, mai turare yakan ajiye agogo. Na ce ya haɗa da barkwanci, mutane su zo don dariya su tarar da ilimi. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Faransanci don maganar ta ƙara nauyi.

Ya ce, "Kawu, masu kallona fa ba irin na birni ba ne. Da yawansu ba su karatu, rezo ma, wato sabis ɗin waya, ba su da shi. Ranar kasuwa suke kai salula wurin mai caji, ya zuba musu abin da ya samu."

"To, su ba su son dariya?" na ce. "Kai dai tsoro ne da kai."

Ya bi maganata, domin ni kawunsa ne kuma na ga duniya.

Da rani ya fara fitar da bidiyon wasa, yana kwaikwayon wani malalacin manomi mai ba da shawarar banza. Yana da baiwar abin, kuma mabiya suka fara ƙaruwa. Ni ma na riƙa nuna wa abokaina a bakin masallaci, ina cewa dabarata ce. A ɗaya daga cikin bidiyon, malalacin ya ce in kana son hatsinka ya riga na kowa fitowa, ka cuɗa iri da takin zamani cikin ƙwarya, ka zuba ruwa ya kwana, don irin ya yi sahur kafin ya shiga ƙasa. A ƙarshe sai ya cire malafa ya yi dariya ya ce, "Wasa nake, jama'a! Wanda ya yi haka ya kashe irinsa."

Abin da ni da shi ba mu lura da shi ba: a gonar da ya saba tsayawa ya ɗauka, da malafar nan, da muryar nan. Kuma a wajen turawa daga salula zuwa salula, ƙarshen ya yanke.

Bayan ruwan shuka da kamar sati biyu, ya zo Tasawa ranar kasuwa, muna zaune a zaurena. Sai aka yi sallama. Wani dattijo ne siriri daga wani ƙauye na Urafane, an yi masa kwatance har gidana. Bai karɓi tabarma ba sai da aka yi ta roƙonsa. Ya kwance bakin rawaninsa, ya zube ƙasa kaɗan a gabanmu, cikinta ƙwayoyin hatsi baƙi ƙirin, sun ruɓe.

"Kai ne mai malafa?" ya tambayi ɗan ƙanwata.

"Ni ne, Baba."

"Na yi yadda ka ce. Ko tsiro ɗaya."

Da muka gane abin da ya faru, ɗan ƙanwata ya ciro salula, ya kunna masa bidiyon har ƙarshe. Dattijon ya kalli wurin da aka cire malafa ana dariya. Ya ce a sake. Aka sake. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗa da abin ya fi mini sauƙi.

"Wannan guntun bai iso garinmu ba," ya ce. "Maganar sahur ta ba ni dariya, amma na ce ai malamai ma sukan yi raha cikin karatu. Ɗana, shekara biyu ina bin maganarka. Ka ce yatsu uku, na yi, na ga amfani. Ka ce ga yadda ake ajiye wake, na yi, wakena ya kai bazara. Da na ga fuskarka ban tsaya tambayar kowa ba."

Na sa baki na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Damina ba ta yi nisa ba, yau ɗin nan za a auno maka iri a kasuwa."

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, babbar gona na shuka ta da na kasuwa, tana nan lafiya. Wannan dabam ne. Na kakana ne, gajeren hatsi mai saurin nuna, wanda ke fid da mu in ruwa ya ɗauke da wuri. Bara fari ya ci shi, abin da na tsira da shi bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Don ina son ya yi kyau ne na ba shi takin duka."

 

Ɗan ƙanwata ne ya yi abin da ya kamata. Ya goge bidiyon wasan duka. Ya koma gonarsa ya ɗauki sabon bidiyo, ya faɗi abin da ya faru ba tare da ya ambaci sunana ba, ya kwatanta hatsin, ya roƙi duk wanda ke da irinsa ya yi magana. Sannan ya hau babur ya bi kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa masu caji bidiyon da hannunsa, yana tsayawa sai ya ga sun zuba shi cikakke. Na bi shi sau biyu a bayan babur, bayana na ciwo.

Sai bayan kaka aka dace. Wata tsohuwa a arewacin Mayahi ta aiko cewa mahaifiyarta ƴar wancan ƙauyen ce, kuma da zangarniyar hatsin cikin kayanta aka kawo uwar tata gidan miji. Tun lokacin suke shuka layi biyu a bayan gida. Ta bayar da zangarniya bakwai, ta ƙi karɓar komai. Dattijon ya rasa damina ɗaya, amma irin kakansa ya koma gida.

Yanzu in matasa masu ɗaukar bidiyo suka tambaye ni ko su tsaya kan abu ɗaya ko su gauraya, ba na saurin amsawa kamar da. Nakan tambaye su wane ne ke kallonsu, kuma me yake yi da abin da ya gani. Wanda ake kallo don a huta, ya gauraya yadda ya so. Amma kuskurena shi ne na ɗauki aikin ɗan ƙanwata kamar shagon Abijan, inda mai saye ke ɗaga kaya ya duba kafin ya biya. Mutanen nan ba su da abin dubawa sai fuskarsa. Ita suka sani, ita suke ɗauka su kai gona.

Ya ci gaba da bidiyon noma, mabiyansa kaɗan ne har yau, kuma ya daina damuwa da hakan. Dattijon ma ya ci gaba da kallo, har yakan aiko da gaisuwa. Sai dai mai cajin kasuwarsu ya gaya mana cewa duk lokacin da ya zuba masa sabon bidiyo, sai ya riƙe salular ya tambaya tukuna: "Wannan na gaske ne, ko na wasa?"

A da ba ya wannan tambayar. Ni na sa masa ita a baki.